Katin Asibiti na Talaka a Jamhuriyar Benin: Yadda Ake Shiga, da Abin da Ke Barin Mutanenmu a Baya

Bayan hirar da muka yi a rediyo kan katin asibiti, tambayoyi sun yi ta zuwa daga Zongon Kwatano, daga Faraku da Kandi da Malanbil, har daga tsallaken iyaka. Mai cewa ya ji ana rabon kati amma bai san inda ake karɓa ba, mai cewa an rubuta maƙwabcinsa an tsallake shi, mai tambaya ko katin Najeriya yana aiki a Benin. Shi ya sa muka tattara maganar a takarda, domin ka karanta a natse, ko ka sa yaro ya karanta maka a rumfar kasuwa ko a ruga.

Mu fara da abin da ka riga ka sani. Yaro ya kwana da zazzaɓi, jiki kamar garwashi. Uwar ta ce a tafi asibiti, kai kuma ka laluba aljihu ka ce a bari zuwa gobe. Aka sayo ƙwaya a hannun mai tebur, aka jiƙa sassaƙe. Kwana uku, yaro ya fara suma. Yanzu ga kuɗin zemijan, ga kuɗin gado, ga ƙarin jini, ga takardar magani mai tsawo. Abin da jaka biyu za ta yi maganinsa ranar farko ya koma jaka talatin ko fiye. Makiyayi sai ya kai karsana kasuwa ya sayar a wulaƙance, don mai saye ya gane a matse yake. Ɗan kasuwa kuma sai ya taɓa uwar kuɗi, kuma ka san uwar kuɗi in an taɓa ta da wuya ta koma daidai. Wannan ramin ne aka ƙirƙiro inshorar lafiya domin a cike shi. Mutanen Najeriya suna cewa inshora, na ɓangaren Faransanci suna cewa asirans, duk abu ɗaya ne: wani asusu ne ke biya wa mara lafiya, shi kuma ba ya fitar da kuɗin a ranar da ciwo ya kama shi.

Daga ina maganar ta taso?

Ba yau Benin ta fara wannan yunƙuri ba. A zamanin shugaba Boni Yayi, a shekarar 2009, aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka amince da su. A 2011 aka ƙara da maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A wannan lokacin ne kuma aka ƙaddamar da wani shirin inshora na kowa da kowa mai suna RAMU, amma bai yi nisa ba. Da gwamnatin Patrice Talon ta hau a 2016, sai ta kawo sabon tsari mai suna ARCH. Tsarin yana da ƙafa huɗu: inshorar lafiya, koyar da sana'a, ƙaramin rance, da kuɗin tsufa ga masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da manoma, wato mutanen da ba su cin albashin gwamnati. Ƙafar da ta fi damunmu yau ita ce ta lafiya.

An fara gwada ta a 2019 a ƙananan hukumomi bakwai: Abomey-Calavi da Sô-Ava a kudu, Dassa da Glazoué a tsakiya, sai Jugu da Copargo da Ouaké a arewa. Daga 2021 aka shiga faɗaɗa ta zuwa sauran ƙananan hukumomin ƙasar, waɗanda jimillarsu 77 ne. A farkon wannan shekarar ta 2021 ɗin aka sa hannu kan dokar da ta ce inshorar lafiya tilas ce ga duk mazaunin ƙasar. Yadda aka tsara, mai albashi shi da wanda yake yi wa aiki ne ke biya, mai hali ya biya wa kansa, shi kuwa wanda aka tantance cewa talaka ne tilis, gwamnati ce ke ɗauke masa kuɗin gaba ɗaya. Hukumar da ke riƙe da shirin ita ce ANPS, a ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a.

To ka ga, kati yana nan, kuɗinsa ma an ɗauke. Matsalar ita ce hanyar da ke kai mutum gare shi. Ƙofofi uku ne a jere, kuma ba a tsallake ta farko a faɗa ta uku.

Ƙofa ta farko: gwamnati ta san da kai

Ba a ba da kati ga wanda takarda ba ta san shi ba. Idan kana Benin daga watan Nuwamba na 2017 zuwa Afrilu na 2018, za ka tuna lokacin da aka yi ta ɗaukar hoto da zanen yatsu a makarantu da ofisoshin unguwanni. Wannan shi ne RAVIP, kuma an rubuta mutum sama da miliyan 10. Duk wanda aka rubuta ya samu lamba tasa shi kaɗai, wadda ake kira NPI, kuma ita ce tasa har ya koma ga Allah. Kamar NIN take a Najeriya. Hukumar da ke kula da ita sunanta ANIP. Daga wannan lambar ake fitar da takardar haihuwa ta zamani, da takardar shaida da ake kira CIP, da katin ɗan ƙasa.

Mutanenmu da yawa sun rasa wancan rubutun. Nuwamba zuwa Afrilu ai rani ne, lokacin da makiyayi yake can cikin daji yana bin ruwa da ciyawa, fatake kuma suna kan hanya tsakanin Kwatano da Gaya da Kamba. In kana cikinsu, kada ka ce jirgi ya wuce. Ba a rufe rajistar ba, ANIP tana ci gaba da rubuta mutane a rassanta da ke ƙananan hukumomi. Zuwa da kai ne, domin yatsunka da fuskarka ake buƙata, ba a aike.

Wani zai ce, "Ni ko takardar haihuwa ban taɓa yi ba, a ruga aka haife ni." Ba kai kaɗai ba ne. Lokacin RAVIP an tarar da mutum wajen miliyan biyu da rabi a irin wannan hali, har aka yi doka ta musamman a 2018 domin a ba su takardar haihuwa ba tare da dogon zuwa kotu ba. Abin da zai taimake ka shi ne ka tafi da shaidu da suka san ka, kuma ka fara biyawa ta wajen mai unguwa, wanda a nan ake ce wa delege. Amma don Allah kada 'ya'yanka su gaji wannan wahalar. Doka ta ba da kwana 30 a kai rahoton haihuwa. Mu kuwa ranar bakwai muke raɗa suna, ka ga akwai sauran sarari. Da an yanka ragon suna, a kai sunan inda aka haihu ko ofishin yanki a rubuta. In a gida aka haihu, a kai jaririn asibiti mafi kusa a yi masa allura, a nan za a nuna muku yadda za a rubuta shi.

Ga wani abu da ke cutar mu 'yan kan iyaka: suna. Mutum ɗaya ne, amma a takardar Benin Mahamadou ne, a ta Najeriya Muhammadu, a karnen asibiti Mamman, a kasuwa kuma Ɗanjuma. Kwamfuta ba ta san duk kai ne ba. Harafi ɗaya ya saɓa, sai ta ce babu kai. Saboda haka ka zaɓi rubutun da ke kan takardar ANIP ka riƙe shi a ko'ina cikin Benin: a layin waya, a asibiti, a makarantar yara. Ranar haihuwa ma haka. In an sa maka 1 ga Janairu saboda ba a san ainihin ranar ba, to ka riƙe ta, kada gobe ka faɗi wata.

Baƙo kuma, ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ya daɗe a Zongo yana sana'a, shi ma ANIP tana rubuta shi, akwai takardar shaida ta baƙo mazaunin ƙasa. Kada ka yi ƙaryar zama ɗan ƙasa, kada kuma ka sayi takarda a hannun dillali. Yatsa ba ya ƙarya, kuma ranar da aka gano, asarar ta fi ribar.

Ƙofa ta biyu: a rubuta gidanka cikin masu buƙata

Samun lamba bai sa ka cikin masu cin tallafi ba. Akwai wani kundi daban na gidajen marasa ƙarfi, kuma daga cikinsa ake ɗauko sunayen waɗanda za a ba kati kyauta. Ga yadda ake cika shi. Da farko mutanen unguwa ko ƙauye ne ke zama, tare da mai unguwa, su lissafa gidajen da suka san suna cikin matsi. Sannan a turo masu bincike su zo gida-gida da tambayoyi: ku nawa ne a gidan, da me aka yi rufin ɗaki, ina kuke ɗiban ruwa, da me kuke girki, me kuka mallaka, yara suna zuwa makaranta ko a'a. Amsoshin nan ake aunawa a raba mutane kashi-kashi, talaka tilis daban, mai ɗan dama-dama daban. Daga nan a dawo da jerin sunayen gaban jama'a a tabbatar.

A wannan ƙofar ce aka fi zubar da mutanenmu, kuma dalilan sanannu ne.

Na ɗaya, rashin zama. Mai bincike ya zo ya tarar da ɗaki a kulle, maigida yana Malanbil wajen lodin albasa, ko yana mashekari da shanu. Ba zai jira ka ba. Maganin wannan shi ne ka bar wakili. Uwargida ta san inda takardu suke, ta san lambar kowa a gidan, kuma ka ba ta izini tun kafin ka tafi ta amsa tambayoyin baƙin da suka zo tare da mai unguwa. Sau da yawa mace ta san amsa, amma ba za ta yi magana ba saboda maigida bai ce ba.

Na biyu, tsoro. Kakanninmu sun sha jangali, shi ya sa har yau in Bafulatani ya ga mutum da biro da takarda yana ƙidaya, sai gabansa ya faɗi. Tsoron yana da asali, ba mu raina shi ba. Amma wannan binciken na ma'aikatar jin daɗin jama'a ne, aikinsa gano wanda za a taimaka. Wanda ya ɓuya, kansa ya cire daga layi.

Na uku, kunya. Zongo wuri ne na rufin asiri. Mutum zai kwana da yunwa, da safe ya sa wankakkiyar riga ya fito masallaci, ba wanda ya sani. Wannan hali ne mai kyau, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In masu bincike suka zo, faɗi gaskiyar halin da kake ciki. Kada ka aro kujera da talabijin don kada a raina ka, kada kuma ka ɓoye abin da kake da shi don a tausaya maka. Wanda ya yi ƙarya ya shiga, gurbin wata gwauruwa mai marayu ya cinye, kuma Allah yana gani.

A nan sai mun faɗa wa makiyaya gaskiya. Mai garke nasa na kansa da wuya a lissafa shi cikin talakawa tilis, ko da kuwa a bukka yake kwana. Amma a cikinmu akwai wanda kiwon haya yake yi, shanun ba nasa ba ne. Akwai wanda ciwo ko ɓarayi suka share masa garke. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, akwai mai tallan nono da mijinta ya rasu. Waɗannan su ne ya kamata arɗo da ruga su tsaya tsayin daka sai an rubuta su. A cikin gari ma haka: ɗan dako a kasuwa, mai wankin takalmi, mai yankan farce, mai gadi, almajirin da ya girma ya yi iyali a ɗakin haya guda. Limamai da sarakunan Zongo sun san su ɗaya bayan ɗaya. In ba wanda ya ambaci sunansu a zaman unguwa, ba mai bincike da zai taka ƙofarsu.

Na huɗu, rashin wakili. Sau da yawa ruga tana gefen ƙauye, kuma masu zaman lissafin 'yan cikin ƙauyen ne. Ba lallai da mugunta ba, wani lokaci mantuwa ce, wani lokaci kuma tsohon rikicin gona da shanu ne ke bin mutane har cikin takarda. Don haka ku nemi a san rugarku a ƙarƙashin wane ƙauye take, ku sa mutum ɗaya mai jin Faransanci ko yaren garin ya riƙa halartar taro.

In an riga an yi zaman an tsallake ka fa? Akwai ofishin jin daɗin jama'a a kowace ƙaramar hukuma, wanda aka daɗe ana kira CPS, yanzu kuma ake mayar da su GUPS, wato ƙofa guda ta duk tallafin gwamnati. A Kwatano akwai su fiye da ɗaya, mai unguwarka ya san wanda ke kula da yankinku. Je ka da takardarka ta ANIP, ka ce kana so a duba ko sunanka yana cikin kundi, in babu kuma a rubuta kokenka. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙofa ta uku: kati a hannu, da sanin amfaninsa

Akwai mutanen da an rubuta su, an buga katinsu, amma katin yana kwance a ofis saboda ba su ji sanarwa ba. Wasu kuma sun karɓa sun jefa a ƙasan akwati, sun ɗauka katin zaɓe ne. Saboda haka in an taɓa zuwa gidanka da irin tambayoyin nan, je ka bincika.

In katin ya zo hannu, ka riƙe abu huɗu. Ɗaya, na mai shi ne kaɗai, da hotonsa da yatsansa, ba a ara wa ƙani ko maƙwabci. Biyu, daga ƙaramin asibitin gwamnati na yankinku ake farawa. Benin ta kasu yankunan lafiya 34, kowanne da ƙananan asibitoci da babban asibitin yanki. In ciwon ya fi ƙarfin na ƙasa, su za su ba ka takardar turawa zuwa na sama. Wanda ya tashi daga Zongo ya miƙe kai tsaye babban asibitin CNHU da ciwon da ba na gaggawa ba, kada ya yi mamaki in an ce ya biya. Uku, katin ba ya ɗaukar kowace cuta. Akwai jerin da aka ware, wanda ya fi ƙarfi a kan cututtukan yau da kullum irin su zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon ƙirji na yara, da kula da mai ciki har ta haihu. Ka tambaya tun a bakin ƙofa: wannan ciwon yana ciki ko ba ya ciki? Huɗu, ka nuna katin tun kafin a rubuta maka komai, ba bayan ka biya ba.

Ba za mu ɓoye maka ba, akan samu cikas. Wata rana a ce maganin ya ƙare sai ka sayo a waje, wata rana ka haɗu da ma'aikacin da ke yi wa mai kati kallon raini. In haka ta faru, kada ka yi faɗa, kada kuma ka yi zuciya ka jefar da kati. Riƙe rasit, ka lura da rana, ka kai kuka ofishin jin daɗin jama'a. Kuma shiga wannan kundin ba a sayen sa. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Me ake nufi da sauƙaƙawa?

Da can kowane tallafi da nasa layi da nasa takardu. Abin da ake ƙoƙarin yi yanzu shi ne lamba ɗaya, kundi ɗaya, ƙofa ɗaya. In gidanka ya shiga kundin, daga nan za a ɗauko shi don katin asibiti, daga nan kuma za a ɗauko shi don wasu shirye-shiryen, kamar GBESSOKE da ke tura wa gidaje marasa ƙarfi tallafin kuɗi ta waya. Wannan ya sa layin wayarka ya zama dukiya. Ka yi rajistarsa da sunanka na takarda, kada ka riƙa canza shi kamar riga, kuma in za ka daɗe a tsallaken iyaka ka tabbata bai mutu ba. Ghana ta nuna ana iyawa: ta kafa inshorarta tun 2003, kuma daga ƙarshen 2018 mutum yana sabunta katinsa daga wayarsa ba tare da ya bi layi ba.

Sai dai sauƙin yana da kaifi biyu. Tunda komai ya rataya a kan lamba ɗaya, wanda ba shi da ita ya rasa duka a lokaci guda.

Kati ba ya tsallake iyaka

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa. Amsar ita ce a'a. Katin ARCH a Benin yake aiki. In ka ƙetare Seme ko Tsamiya ko Chikanda, ka shiga wani tsarin. A Najeriya, shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA a watan Mayu na 2022, wadda ta mayar da inshora tilas kuma ta tanadi asusu don marasa ƙarfi. Jihohi ne ke rubuta mutane ta hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano da KECHEMA a Kebbi, kuma can ma NIN za a fara tambayarka. A Nijar kuwa, tun wajen 2006 aka ayyana maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati.

Shawara a nan ita ce ka rubuta iyalinka a inda suke kwana, ba a inda kake ciniki ba. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun kuma ga yadda gadar Malanbil da Gaya ta tsaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanda ya dogara da cewa in ciwo ya zo zai ƙetara da mara lafiya gida, ranar da aka rufe hanya ya rasa tudun dafawa. Makiyaya ma sun san tun ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare, tana kuma matsa wa na cikin gida su zauna wuri ɗaya. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma in dai an ce ka zauna, to ka nemi haƙƙin mazauni: takarda, makaranta, da asibiti.

Abin yi a wannan makon

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da dare ka fito da takardun gidanka ka shimfiɗa a tabarma. Duba wa ke da lambar ANIP, wa ba shi da ita, daga kai har jariri, har tsohuwar da ke ɗakin baya. Duba ko sunaye sun yi daidai. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya, asalin kuma ka sa a leda ka ba uwargida ta adana. Gobe ka biya wajen mai unguwa ka tambaye shi ko an yi lissafin marasa ƙarfi a unguwarku, da kuma ofishin da za ka je. In kai Allah ya rufa maka asiri ba ka buƙata, to ka kama hannun wanda ke buƙata ka raka shi, ka yi masa tafinta. Ranar Juma'a kuma a roƙi liman ya faɗa wa jama'a bayan salla, domin akwai waɗanda ba rediyo ba takarda, sai abin da suka ji a masallaci.

Masu tambayoyi su ci gaba da aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare dukiya da iyali, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.